Ranar da Tabawa Ta Raina Ruwan Rumawa

A can ƙasashen Magrib, a gindin wani jan dutse, akwai wani ruwa da ke fitowa daga bakin wani zaki da aka sassaƙa. Da tururinsa yake fitowa, rani da damina, tun zamanin da Rumawa ke mulkin wurin. Su suka gina masa gidan wanka mai ginshiƙai da tafkuna biyu, suka ci zamaninsu suka wuce, rufin ya rufta, amma ruwan bai fasa zuwa ba. Ba a taɓa ganin wanda ya kai itace wurin ba. Mutanen garin dai sun ce akwai mai hura wutar a ƙarƙashin ƙasa, kuma komai za ka yi masa zai jure, ban da raini.

Wannan ruwa ne Hajiya Tabawa ta raina, ranar wata Laraba da hantsi.

Tabawa ungozoma ce a Gumel. Shekara arba'in ta yi tana karɓar haihuwa tana yi wa masu jego wanka, har ta kai in ta tsoma gwiwar hannunta a ruwa, za ta faɗa maka irin itacen da aka dafa shi da shi. Mijinta Malam Sallau tela ne. Taka keken ɗinki ya cinye masa gwiwoyi, har salla ma a zaune yake yin ta. 'Yarsu Rakiya, malamar asibiti, ita ta ji labarin ruwan, ta haɗa su da wani ayarin masu yawon buɗe ido, wai uban ya jiƙa gwiwa, uwar kuma ta ga duniya.

Jagoran ayarin wani Balarabe ne mai suna Mabruk, wanda ya yi fatauci a Agadas har Hausa ta zauna masa a baki. Ya zagaya da su cikin kangon, yana nuna musu inda Rumawa ke tuɓe kaya, da inda suke zama su yi gumi suna gulmar sarki. Tabawa ta dubi gumakan da ke jere, wasu ba kai, wasu ba hannu, dukkansu ba wando, ta ce lallai mutanen nan sun yi ƙarancin tela. Daga nan Mabruk ya raba su, maza tafkin dama, mata na hagu, da katanga a tsakani. Ya roƙe su abu guda, kowa ya yi wankansa ya yaba ko ya yi shiru.

Malam Sallau ya shige cikin maza da gajeren wandonsa, yana dogara sanda. Tabawa kuwa ta tsaya bakin tafkin mata, ta ga Turawa da Larabawa suna shiga da ɗan yatsan ƙafa suna hura baki. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannu, ta jira. Ta sake tsomawa. Sannan ta miƙe ta ce, da muryar da take kiran yara daga ƙarshen layi:

"Wannan ne ruwan da aka ɗauko mu tun daga Gumel saboda shi? Ai ko kaza ba zai fige ba. Mai hura wutar nan, ko dai malalaci ne, ko itacensa ɗanye ne."

Nan take zakin ya rufe bakinsa. Wurin ya yi tsit, tururin ya kwanta. Can sai ya sake wage baki, ya shiga zuƙe ruwan da ya shekara dubu biyu yana zubarwa. Kowa ya yi ta kansa ya haye tudu, sai Malam Sallau da gwiwa ta hana gudu. Ruwa ya juya shi sau uku kamar tsinke a randa, ya wuce da shi cikin bakin zakin. Wata murya ta fito daga ƙasa, har ginshiƙan suna rawa, ta ce: "Matar ta yi magana, mijin zai amsa. Haka dokar Rum take."

Da tafkin ya ƙafe, sai ga matakala a tsakiyarsa ta gangara cikin duhu. Mabruk ya shaida wa Tabawa cewa kakanninsa sun ba da labarin mutum bakwai da suka bi matakalar nan, kuma ba a ba da labarin fitowar ko ɗaya ba. Ta san baki shi kan yanka wuya, amma ba ta taɓa zaton wuyan Malam zai yanka ba, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta rataya jakarta, ta yi bismilla ta sauka.

Ta ƙirga taki ɗari uku, ta daina ƙirgawa. A ƙarshen matakalar ta tarar da wani zaure mai fitilun da ke ci ba mai, bangonsa duk ramuka na ajiye tufafi. A bakin ƙofar ciki wani gunki ke tsaye, dogo, da gashi nannaɗe, sai dai ba shi da hanci. Ya juyo da kansa, dutse na ƙara a kan dutse.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "ni ne mai tsaron ƙofar farko. Ba mai wucewa sai ya amsa mini tambaya da gaskiya. Shekara dubu ke nan da wani soja ya fasa mini hanci da gwafa. Ki gaya mini, har yanzu gidan ubangijina yana ƙamshin wardi da lubban, kamar yadda na san shi?"

Tabawa ta shaƙi iskar wurin, ta ce masa, ranka ya daɗe, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi.

Gunkin ya ce ƙarya take, kuma zai riƙe ta nan har ta zama dutse irinsa. Ta ce ba sai sun yi musu ba. Ta buɗe jaka ta ciro jan goro, ta ɓare shi, ta manna masa ɓari guda a gurbin hancin da ɗan ƙaron da take ajiyewa don turare. Gunkin ya ja numfashi, irin na wanda ya shekara dubu yana jira. Sannan cikin ladabi ya roƙe ta, don girman iyayenta, ta cire masa hancin nan.

Da ta cire, ya gode mata sau biyu, na farko don ta ba shi, na biyu don ta karɓe. Ya miƙa mata takalman katako saboda zafin daɓen da ke gaba, ya kuma yi mata gargaɗi uku. Kada ruwan ɗakin sanyi ya taɓa fatarta, domin ɗan Adam ƙanƙara yake zama a cikinsa. Kada ta kwanta a ɗakin ɗumi. Kada kuma ta yi ƙarya a gaban babbar tukunya.

Ɗakin sanyi ba ɗaki ba ne, kogi ne mai faɗi, ƙanƙara na yawo a kansa, ba gada ba kwalekwale. A bakinsa wasu dattawan aljanu su arba'in ke tsaye, duk masu sanƙo, kowa ya yafa farin mayafi a kafaɗa ɗaya. Su ne majalisar gidan. Dokarsu ta ce babba ne zai fara shiga ruwan, kuma baƙo ba ya haye shi sai manya sun shiga. Tun ranar da Rumawa suka tafi suke nan suna girmama juna.

"Bismilla, mai girma, kai ne babba."

"Haba, mai martaba, ai a gabanka aka haife ni."

"Ina ni ina shiga gaban malamina?"

Tabawa ta tsaya tana sauraro har haƙoranta suka fara kaɗawa. Ta lura duk mai miƙa wa ɗan'uwansa girma, idonsa na kan ƙanƙarar. Ta tuna da dattawan unguwarsu ranar rabon naman suna. Sai ta laluba jaka ta ciro farin goro, babba, wanda ta ɓoye don hanya, ta ɗaga shi sama. Ta gaishe su, ta ce ita baƙuwa ce, a garinsu ba a zuwa gaban manya hannu rabbana, ga ɗan abin da ta kawo wa mafi girma a cikinsu, sai dai ba ta san ko wane ne ba.

Wanda ya ce a gaban wani aka haife shi, ya tuna ashe shi ya yi masa kiran salla a kunne. Wanda ya ce shi almajiri ne, ya ce malamin nasa ma a wurinsa ya koyi tafiya. Hayaniya ta kaure. Tabawa ta ce ai abin mai sauƙi ne, tun da babba ne ke fara shiga ruwa, idonta zai nuna mata. Kafin ta rufe baki su arba'in sun faɗa kogin a tare. Sanyi ya kama su, suka sandare a tsaye, ruwa iya wuya, kawunansu a jere kamar ƙoren da aka kife. Ta tattare zane, ta taka sanƙon farko, ta taka na biyu, tana ba kowa haƙuri. A na talatin da bakwai takalmin katakon ya zame, ta yi tangal-tangal, gefen zanenta ya taɓa ruwan ya daskare ya karye kamar ƙanzo. Ta dafe kunnen wani dattijo, ta daka tsalle ta faɗa gaɓa. Ta jefa musu goron ta baya, ta bar su suna sabon musu.

Ƙofa ta biyu ta buɗe da kanta, wata iska mai taushi ta bugi fuskarta. Nan ne ɗakin ɗumi. Gadajen farin dutse ne jere har inda ido ya ƙare, ga ƙamshin man zaitun, ga wani sanyin kiɗa da ba a ganin mai yinsa. A kan gadaje bakwai ta ga mutum bakwai kwance, gemunsu ya kai ƙasa, suna murmushi. Aljanu masu hannu shida-shida suna musu tausa, suna kankare musu jiki da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje.

Shugabarsu ta taro ta, ta rusuna. "Maraba da wadda ta gaji," in ji ta. "Ya ke uwar mata, na ga bayanki tun daga ƙofa. Baya dubu nawa kika gasa da hannun nan? Wa ya taɓa gasa naki?"

Tabawa ta sauke jakarta ƙasa. Ta ce, gaskiya, shekara arba'in da ɗaya da aurenta, ba wanda ya taɓa danna mata ko ɗan yatsa. Ba don mugunta ba, kowa ya ɗauka ita ce mai dannawa. Ta ce za ta ɗan zauna ne kawai a bakin gadon, sanyi ya sake ta. Zama ba kwanciya ba ne.

Hannu biyu suka kama kafaɗunta, biyu suka bi gadon bayanta, biyu suka zare mata takalma. Ba ta san lokacin da ta kwanta ba. Wani ciwo da ta ɗauke shi tamkar ɗan'uwa tun haihuwar Rakiya ya narke ya fita. Ta manta Gumel. Ta manta matan da ke jiran ta da tsofaffin cikkuna. Ta nemi dalilin zuwanta wurin nan ta rasa, kuma rashin bai dame ta ba. Hawaye ya bi gefen idonta don daɗi.

Da haka za ta zama ta takwas, ba don aljanar ta gangaro kan gwiwarta ba. Ta sa babban yatsa ta danna ƙoƙon gwiwar daga sama, kai tsaye. Tabawa, ido a rufe, ta bige hannun.

"Ba haka ake yi ba, yarinya. Gefe-gefe ake bi. In da gwiwar Malam ce kika yi wa haka, ai da ya..."

Ta buɗe ido. Malam. Ta diro daga gadon, mai na zuba a jikinta, ta suri jaka da takalma. Hannaye goma sha biyu suka kawo mata cafka, amma man da suka shafa mata da kansu ya hana su riƙe ta, ta sulɓe kamar tarwaɗa. Ta so ta tashi mutum bakwai ɗin, ta girgiza na kusa, ya ce mata don Allah ta dawo bayan shekara ɗari. Ta bar shi ta faɗa ƙofa ta uku.

Zafi ya mare ta. Wani kogo ne wanda ba a ganin rufinsa, a tsakiyarsa murhu mai duwatsu uku, kowanne ya kai ɗakin soro. A bisansa tukunyar tagulla ce wadda za ta dafa shanu ashirin, bututan ƙasa sun fita daga gare ta sun bi bango zuwa ko'ina cikin gidan. A cikin tukunyar, ruwa iya haɓa, ga Malam Sallau yana jan salati. A gefe kuma wani ƙaton aljani ke zaune, gemunsa harshen wuta, a kansa an naɗa rawanin ɗanyen ganye irin na manyan Rumawa.

"Ya ke mai ɗacin harshe," in ji shi, "ni ne Tafasawus, Sarkin Murhu. Gwamnoni sun yi wanka da ruwana sun yi mini waƙa. Mayaƙa sun shige shi sun yi kuka suna kiran uwayensu. Yau ke kika ce ba zai fige kaza ba. Ga mijinki a maimakon kazar. Zan riƙa ƙara gungume ɗaya bayan ɗaya har sai kin tsoma hannunki kin ce da zafi."

Malam Sallau ya leƙo ta bakin tukunyar ya ce shi tun ɗazu ya ba da shaida cewa da zafi, har ya rantse, amma an ce shaidarsa ba ta karɓuwa. Tabawa ta hau tsanin da ke jingine, ta tsoma gwiwar hannu. Ruwan ya ɗara na sama kaɗan, amma a ma'auninta ko na wankan jariri bai wuce ba. Ta dubi fuskar mijinta, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ta ce a ranta ƙarya ɗaya ba za ta kai mutum wuta ba.

"Ranka ya daɗe, ruwanka da za..."

Tukunyar ta yi ƙara, tsaga ta bayyana daga baki ta gangara kamu guda, ruwa ya fara ɗiga cikin wuta. Ta haɗiye sauran kalmar. Tafasawus ya bayyana mata cewa in ta ƙarasa, tukunyar za ta rabe biyu, mijinta ya faɗa cikin garwashi. Ya sa aka ƙara gungume.

Nan Tabawa ta ga iyakar dabara. In ta yi ƙarya Malam ya gasu. In ta jira gaskiya, kafin wannan gwiwar hannu tata ta ji zafi, Malam ya nuna har ƙashi. Ta zauna a kan tsanin, ta zura wa wutar ido don ta rasa abin kallo. Sai ta ga abin da duk macen da ta san murhu za ta gani. Itace ya yi yawa, wutar ja ce, tana ci a kasalance, hayaƙi na kwanciya. Ba mai hura ta. Can kuma daga bayan wani labulen sarƙa, ta jiyo wani sauti da ko a cikin kabari za ta gane shi.

Ta sauko, ta gyara ɗaurin ƙugu. "Ranka ya daɗe, wa ya haihu a gidan nan?"

Gemun Tafasawus ya dusashe, ya koma kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Sannan ya kori masu ɗauko itace, ya rage murya, ya faɗa mata abin da ya ɓoye wa majalisarsa. Shi wuta kawai yake haɗawa, matarsa Zugaira ce ke hura ta, domin numfashinta iskar guguwa ne. Shekara ɗari uku ke nan da ta haihu, ba ta sake tashi ba. Yaron bai yi barci ba, ita ba ta yi ba, shi bai yi ba. Matan da suka san kan abin sun bi Rumawa sun tafi. Ya san ruwan ya huce, kullum yana jin tsoron ranar da wani zai faɗa.

Tabawa ta ce ashe ba malalaci ba ne, angon ƙarni ne, ta janye wannan rabin. Ta gindaya masa sharaɗi: a daina ƙara itace, ita za ta tayar masa da matarsa. In ta tashi, a fitar da Malam kafin a hura wutar. Ya amince, ya ƙara da cewa in ba ta tashi ba, su biyun za su zauna nan suna kwasar toka har tashin duniya.

Ta ɗaga labule ta shiga. Zugaira na kwance, doguwa kamar giginya, ta rame, gashi a cukurkuɗe. Kusa da ita jaririn ne, girmansa ya kai maraƙi, in ya tsala kuka tartsatsi na fita ta hancinsa. Tabawa ta duba cikinsa ta ga kumburi ne kawai. Ta ɗumama gyalenta a kan dutse ta gasa masa cibi, ta sa aljanu huɗu suka ɗora mata shi a kan cinya, ta bubbuga bayansa. Ya yi wata gyatsa da ta ƙone mata gira ɗaya, ya yi barci. Shirun da ya biyo baya ya sa Sarkin Murhu ya zauna daɓas a ƙasa.

Ta juya kan uwar. Ta ce a kawo ruwa daga can ƙasan wata rijiyar wuta da ke cikin kogon. Ta nemi ganyen darbejiya ko na tsamiya, aka ce ba bishiya a ƙarƙashin ƙasa. Ta waiga, ta miƙa hannu ta tuɓe rawanin ganyen da ke kan sarki, ta warware shi ta ɗaure shi dami. Fadawa suka runtse ido. Ta ce musu a gidan mai jego ba sarki sai ungozoma. Ta aika aljani ya kankaro kanwa daga bangon kogon, wani ya tafi ya dawo da gero da yaji da cinyar sa kafin ta ƙifta ido. Tana dama kunun tana gaya wa Zugaira cewa a gida 'yarta ta hana ta tafasasshen ruwa da yawan kanwa, wai suna taɓa zuciyar mata, kuma ta bi maganarta. Amma ga wadda aka halitta da wuta, ba ta jin likita zai yi faɗa.

Saura kwana arba'in na wankan jego. Ta ce motarsu da la'asar za ta tashi. Tafasawus ya nuna mata wani zakaran tagulla a kan ginshiƙi, ya ce a nan ba rana ba wata, kwana shi ne abin da zakaran nan ya ce kwana ne. Zai sa shi ya yi cara a jere, amma wankan ba ya raguwa, safe da yamma, tamanin cif.

Ta fara. Ta tsoma ganye ta fyaɗa, Zugaira ta yi ƙara, zakara ya yi cara. Ta ba ta kunu, ta sake tsomawa. A wanka na ashirin kafaɗunta suka fara ciwo. A na hamsin tafin hannunta ya yi bororo, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. A na saba'in ta faɗi a kan gwiwoyinta, ta ji kamar ta koma ɗakin ɗumi ta kwanta har abada. Sai ta jiyo muryar Malam daga tukunya yana ƙirga mata, a hankali, kamar yadda yake ƙirga awon riga. Ta tashi. A na tamanin ganyen ya ƙare saura tsinke, Zugaira ta yi miƙa har kanta ya taɓa rufin da ba a gani, ta ce tana jin yunwa, kuma wa ya haɗa wutar nan haka kamar ta makoki?

Aka zura igiya a ciro Malam Sallau, sai ya ce a bari. Ya dafa bakin tukunyar ya diro da ƙafafunsa, ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa, yana duban gwiwoyinsa kamar baƙi. Zugaira ta cika kumatu ta hura. Wutar ta tashi daga ja ta koma fara, tsagar tukunyar ta narke ta haɗe, ruwa ya shiga tafarfasa. Tabawa ta hau tsani, ta kai gwiwar hannu, ta fizge ta da sauri.

"Da zafi," ta ce.

Tukunyar ba ta motsa ba. Sarkin Murhu ya yi kuka, hawayen na ƙonewa kafin su kai gemu. Ya yi mata tayin fada ta lu'ulu'u da sarautar ungozomomin aljanu bakwai. Ta gode, ta ce akwai mata uku a Gumel da watansu ya tsaya, kuma ba su san wani sarki ba sai ita. Abin da ta roƙa shi ne a tashi mutum bakwai ɗin nan a sallame su. Ya ce zai sa a tashe su, amma ba ya alkawarin za su gode mata.

Aka zaunar da su biyun a cikin wani daron tagulla, Zugaira ta hura su cikin bututu. Suka yi ta gudu cikin duhu, ruwa na ruri a bayansu, har zakin dutse ya tofo su tsakiyar tafki, gaban mutanen gari da suka taru suna jimamin ƙafewar ruwansu. Suka haye da gudu, Malam a gaba. Ruwa ya ɓarke da wani tururi da ya rufe jan dutsen. Mabruk ya ƙirga ayarinsa sau uku, ya ga sun cika, ya ce ba zai tambaye su komai ba, su ma kada su gaya masa.

Kafin magariba suka isa masauki. Tabawa ta zube a bakin gado, hannu a naɗe, gira ɗaya, ko ɗankwali ta kasa kwancewa. Malam Sallau ya yi ta kai da kawo a ɗakin, ya buɗe taga ya rufe, ya yi gyaran murya. Can ya ce mata bututan nan na gidan wanka, ashe magana suke kaiwa har cikin tukunya. Ya ji abin da ta gaya wa mai hannu shida.

Ya jawo kujera ya zauna a bayanta, ya ɗora hannuwansa na tela a kafaɗunta, ya fara dannawa kamar mai neman inda allura ta ɓuya a cikin katifa. Ba a kan jijiya yake ba, ba a kan gaɓa ba, tsakiyar ƙashi yake ta murzawa da iyakar ƙarfinsa.

"Haka ake yi, Hajiya?"

Tabawa ta buɗe baki. Gyara goma sha ɗaya ne suka taru a kan harshenta, kowanne da hujjarsa. Ta dube shi ta gefen ido, ta ga ya cije leɓe, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Ci gaba, Malam," ta ce, ta rufe ido.